Baƙin Mai a Hanyar Iskar Inji: Daga Ina Yake Fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Volkswagen Passat mai turbo. Da bakanike ya kwance babban tiyon da ke kai wa inji iska, sai muka tarar baƙin mai ya jiƙe cikinsa. Ya ce zai cire ƙaramin tiyon da ya fito daga murfin inji ya sake shi ƙasa. Shin in amince? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka amince. Duk lokacin da fetur ya ƙone, wani ɓangare na hayaƙin yakan kutsa ta gefen ringin fistan ya gangara inda baƙin mai yake, kuma idan bai samu mafita ba sai matsinsa ya tura mai ta roba da gasket har inji ya fara yoyo. A da ƙasa ake sakin wannan hayaƙi, har jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara mayar da shi cikin inji ya sake ƙonewa a motocin 1961.

Ƙaramin tiyon da bakaniken yake son cirewa yana cikin hanyar da ke mayar da hayaƙin cikin inji. Matsalar ita ce hayaƙin yana tafe da feshin baƙin mai. Aikin na'urar raba mai da iska shi ne ta sa hayaƙin ya yi ta karo da faranti da raga, ko ya yi juyi kamar guguwa, ta yadda mai, saboda nauyinsa, zai manne a bango, ya dunƙule, ya koma kaskon inji, iskar kuma ta wuce. A da yawa daga cikin irin motarka na'urar tana kan murfin inji, da wata siririyar roba a cikinta wadda takan yage idan ta tsufa. Alamarta ita ce ƙara kamar fito, ko murfin zuba mai ya yi wuyar buɗewa inji na aiki, ko shuɗin hayaƙi ta salansa.

Abin da ya fi damuna shi ne injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, domin fetur ba ya wanke bawul ɗin shigar iska, sai baƙin man ya ƙone a kansu ya zama ƙanzo, mota ta rasa ƙarfi.

Ɗan danshin mai a injin turbo ba abin tsoro ba ne. Idan ya yi yawa, a sauya na'urar. Idan kuma bai daina ba, a auna matsin silinda, domin sabuwar na'ura ba za ta gyara ringin da ya cinye ba.