Filin Tambaya da Amsa: Tsohon Targaɗen Gwiwa da Amosanin Gaɓa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni magidanci ne mai shekara 39, mazaunin Tudun Wada a Kaduna. Shekara 13 da suka wuce na yi mummunan targaɗe a gwiwar dama wajen ƙwallon unguwa. Na ji wani abu ya yi ƙara a ciki, kafin gari ya waye ta kumbura. Mai ɗori ya ja ya ɗaure, bayan wata biyu na koma harkokina. Tun bara kuma ciwo ya taso, musamman a zaman tahiya da hawan bene. Na yi hoton ƙashi, aka ce guringuntsin ya zaizaye, amosanin gaɓa ne. Mahaifiyata ta ce sanyi ne. Yaya raunin da ya warke tuntuni zai dawo, kuma masana sun samo hanyar tsayar da shi? Daga mai karatunku.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata mutane da yawa sun fi jin ciwon gaɓa a lokacin hunturu, amma ba sanyin ne yake cinye guringuntsi ba. Ƙarar da ka ji da saurin kumburin nan alamu ne da likitocin ƙashi suka saba gani idan jijiyar da ke tsakiyar gwiwa ta tsinke, ko matashin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ya yage, ko da yake sai an duba ka za a tabbatar. Bibiyar masu irin wannan rauni ta nuna cewa kusan rabinsu suna samun amosanin gaɓa bayan shekara 10 zuwa 20. Kumburi ya saɓe, ciwo ya tafi, amma gwiwar ba ta koma yadda take ba.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga guringuntsi, wato farin abin nan mai sheƙi da santsi a kan ƙashi. A gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kuma kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. Abubuwa biyu ne suke riƙe da ruwan: zaruruwan kolajin da suka saƙu kamar ragar masunta, da wani sinadari mai suna agirikan wanda yake zuƙar ruwa kamar soso a cikin ragar. Ƙwayoyin halittar da ke kula da wannan gini ’yan kaɗan ne ƙwarai, kowacce a kulle cikin ɗan kogonta. Jini ba ya ratsa guringuntsi, abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu idan ana taka ƙafa ana ɗagawa, kuma babu jijiyar jin zafi a cikinsa. Rashin jini shi ya hana shi warkewa kamar fata ko ƙashi, rashin jijiya kuwa shi ya sa ya yi shekaru yana lalacewa ba ka ji ba. Tun a 1743 wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya dawowa.

An daɗe ana ɗaukar wannan cuta a matsayin suɗewa kawai, kamar yadda tayar mota take cinyewa a kan kwalta. Aikin ɗakunan gwaje-gwaje ya rushe wannan fahimta, kuma a nan ne amsar tambayarka take. Masu bincike sukan karɓo gaɓar saniya ko alade daga mayanka, su yanko guringuntsi, su sako masa ƙarfe mai sanannen nauyi daga sama, sannan su bi shi da madubin ƙara girma. Wasu ƙwayoyin suna mutuwa nan take a inda aka buga, amma mutuwar tana ci gaba da yaɗuwa zuwa maƙwabta cikin sa’o’i da kwanakin da suka biyo baya, saboda sassan da ke samar wa ƙwayar kuzari sun rikice suna fitar da guba. Masana a Jami’ar Ayowa ta Amurka sun nuna cewa idan aka sa maganin da ke kashe kaifin wannan guba cikin ’yan sa’o’in farko, ƙwayoyi da yawa suna tsira.

Waɗanda suka rayu su ne suke yin babbar ɓarnar. Da zarar sun ji rauni, sai su da tantanin da ya lulluɓe gaɓar su fara fitar da sinadaran kumburi, daga nan kuma a ƙara yawan wasu sinadarai masu aiki kamar almakashi. Biyu daga ciki sun fi shahara: ADAMTS-5 mai yanka agirikan, da MMP-13 mai yanka kolajin. A jiki mai lafiya aikinsu kawar da tsohon abu ne domin a sa sabo, amma bayan rauni rushewa tana fin gini yawa. A 2005 wasu tawagogi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ostireliya, suka samar da ɓerayen da aka kashe musu aikin ADAMTS-5 ta hanyar sauya ƙwayar gado, sai aka ga guringuntsinsu ya tsira daga mafi yawan lalacewar da ta samu sauran ɓeraye. Wannan ya nuna cewa jiki ne da kansa yake narkar da guringuntsin, ba gogayya kaɗai ba.

Akwai wani gwaji da nake ganin ya fi kowanne dacewa da labarinka. Ana yi wa ɓera ƙaramar tiyata a yanke ’yar jijiyar da ke riƙe matashin gwiwa, ta yadda gaɓar za ta riƙa gocewa kaɗan idan yana tafiya, kuma cikin makonni guringuntsinsa yake zaizayewa. Tawagar Farfesa Tonia Vincent ta Cibiyar Kennedy a Ingila ta ba da rahoto a 2012 cewa ƙwayoyin gadon da ke kawo rushewar suna tashi cikin sa’o’i shida da tiyatar, amma idan aka hana gwiwar motsi, cutar ba ta kama ɓeran. Ma’ana, ƙwayoyin guringuntsi suna jin nauyin da ke sauka a kansu, kuma nauyin da ya sauka a karkace shi yake tunzura su. Gwiwar da jijiyarta ta saki tana aika musu wannan saƙo a kowane taku, shekara 13 a naka lissafin. Kada dai wani ya karanta wannan ya ɗaure ƙafarsa ya kwanta, domin guringuntsin da aka daɗe ba a motsa ba shi ma sirancewa yake yi.

Agirikan idan ya ragu jiki yana iya sake yin sa, kolajin ne ba ya da madadi. Masana a Danmak sun tabbatar da haka a 2016 ta wata dabara mai ban sha’awa: gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun ƙara wani nau’in sinadarin kabon a iska, wanda ya shiga jikin duk mai rai, kuma yawansa ya riƙa sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka ana iya gane shekarar da aka gina wani sashe na jiki. Da suka auna, sai suka tarar kolajin guringuntsin dattijo shi ne wanda ya gina tun kafin ya gama girma. Idan ragar ta yage, ƙashin da ke ƙasa yakan yi kauri ya fitar da tsiro a gefe, tantanin gaɓa ya kumbura, kuma waɗannan su ne masu jijiyar jin zafi. A wannan mataki ne ciwon ya iso gare ka.

Game da tsayar da cutar, har yanzu babu maganin da hukumomin magunguna suka amince cewa yana hana guringuntsi zaizayewa. A 2017 masana a Jami’ar Johns Hopkins sun nuna cewa kawar da tsofaffin ƙwayoyin da suka daina aiki yana rage cutar a ɓeraye, amma da aka gwada maganin a gwiwar mutane, sakamakon 2020 bai fi na allurar bogi, wadda babu magani a cikinta, ba. Wani maganin mai suna sprifermin ya ɗan ƙara kaurin guringuntsi, bai rage ciwo ba. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma shi ana ba shi magani da wuri, mu kuwa sai bayan shekaru muke zuwa asibiti.

Abin da ke hannunka shi ne nauyin da ke sauka a gwiwar. Kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Ka nemi sashen gashin ƙashi su koya maka atisayen ƙarfafa naman cinya, ka kuma ga likitan ƙashi ya duba ko gwiwar tana gocewa, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka guji haɗin magungunan da ake ƙulla wa mutane a leda, domin yawan shan magungunan kashe ciwo irin su diklofenak yana illa ga ciki da ƙoda. Allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, a gwiwa tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma wani gwaji na 2017 ya nuna cewa yin ta duk wata uku har shekara biyu ya ƙara cinye guringuntsi. Batun zaman tahiya kuma, ka tuntuɓi malaminka kan sassaucin da shari’a ta yi wa marar lafiya.

TAMBAYA: Likita, an ce cin ganda da farfesun ƙafar saniya yana mayar da guringuntsi. Gaskiya ne? Daga wata ’yar’uwa a Unguwar Rimi.

AMSA: Malama, akwai kolajin a cikinsu, amma ciki yana narkar da shi kamar kowane nama, kuma babu hanyar da zai bi ya je ya ɗinke ragar da ta yage a gwiwa. Ki ci don daɗinsa, sai dai ki rage man da ke saman romon idan kina ƙoƙarin rage ƙiba.