Gwaggo, da ma kowa ya kama gabansa tun farko?

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne mai shekara 27 a Jos, kuma shekara biyar ke nan ni da abokaina uku muna da ƙungiyar kiɗa, muna wasa a bukukuwan aure da tarukan makarantu. Ni nake kaɗa jita, ina kuma rubuta waƙa, amma biyu daga cikinmu, waɗanda suka kafa ƙungiyar kafin su jawo ni, su ne suke yanke abin da za a rera. Idan muka shiga situdiyo na kawo waƙa shida, da ƙyar ake ɗaukar ɗaya, sauran sai a ce a bari sai wani jiƙon. Kuɗin da muke samu a hannun ɗayansu yake, kuma ba a taɓa zama an yi lissafi ba, sai dai ya miƙa wa kowa abin da ya ga dama.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini fayafayan ƙungiyar Beatles ta Ingila, a kansu na koyi jita. 'Yan watannin nan wani tunani ya hana ni barci, wato da a ce mutanen nan huɗu ba su taɓa haɗuwa ba, John Lennon yana nasa, Paul McCartney yana nasa, haka George Harrison da Ringo Starr, ai da duniya ta sami manyan mawaƙa huɗu maimakon ƙungiya ɗaya. Har nakan ɗauki takarda in rarraba waƙoƙinsu, in shirya wa kowa kundinsa, kuma kullum na Harrison, mai kaɗa musu jita wanda Lennon da McCartney suka yi wa inuwa wajen rubuta waƙa, shi ne yake ba ni tausayi, domin kaina nake gani a cikinsa. Ina so in fita in tsaya da ƙafata, sai dai wanda yake riƙe da kuɗin shi ne ya tsaya mini tsayin daka lokacin rasuwar mahaifina, ina jin nauyinsa ƙwarai. Ki ba ni shawara.

Ɗanki daga Jos

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ƙorafinka yana da tushe, zan zo kansa, amma bari in fara da takardar nan da kake rarraba waƙoƙi a kanta, domin akwai kuskure a lissafin.

Kana ɗaukar mutanen nan kamar yadda suka zama a 1970, sa'ad da suka watse, sai ka mayar da su farkon tafiya ka ce kowa ya tashi shi kaɗai. Waɗanda suke farkon tafiyar kuwa yara ne 'yan Libaful da ba wanda ya san su. Harrison bai wuce shekara 15 ba lokacin da McCartney ya kai shi wurin Lennon a 1958, kuma a 1960 hukumomin Jamus suka kore shi daga Hamburg saboda bai cika 18 ba. A gidajen rawa na Hamburg ɗin ne suka riƙa kiɗa sa'o'i masu yawa kowane dare har hannunsu ya faɗa, duk da haka kamfanin fayafayai na Decca ya saurare su a farkon 1962 ya ce ba ya so. Idan su a haɗe an rufe musu ƙofa, ina kake jin yaro ɗaya da jitarsa zai dosa? Harrison bai fito da waƙar da ya rubuta shi kaɗai ba sai 1963, kuma ya yi shekaru yana kallon yadda Lennon da McCartney suke gyara wa juna baiti, da yadda furodusansu George Martin yake tsara sauti, kafin hannunsa ya nuna. Inuwar da kake tausaya masa a kanta, a cikinta ya koyi sana'ar.

Ba ina cewa ba a danne shi ba. An danne shi, waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi a yawancin kundayensu, har a Janairun 1969 ya yi fushi ya fice na wasu kwanaki. Da suka rabu, a Nuwamban 1970 ya fito da All Things Must Pass, faifai uku cur, da yawa daga waƙoƙin tun yana cikin ƙungiya ya rubuta su aka ture, kuma kundin ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka. Abin lura a nan shi ne bai fita hannu rabbana ba, ya fita da rumbu cike da kuma suna wanda duniya ta riga ta sani. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, a cikin waƙoƙinka da aka ture nawa ne suka kammala, kuma masu gayyatarku biki sunanka suke kira ko na ƙungiya? Mu a nan ma ka san yadda abin yake, sunan uban kiɗi ake ambata, ɗan amshi kuwa sai ya daɗe yana bi kafin ya kafa nasa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba rabon waƙa ba ne, maganar kuɗin ce, wadda ka ambata a taƙaice kamar ba komai ba. Beatles ɗin da kake so sun jure wa kishin waƙa shekara da shekaru, amma bayan manajansu Brian Epstein ya rasu a 1967 harkar dukiyarsu ta rikice, uku suka zaɓi wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Allen Klein, ya riƙe musu, McCartney ya nace sai surukansa, a ƙarshen 1970 kuma ya kai sauran ukun kotu a Landan domin a raba haɗin gwiwar. Abokan ƙuruciya ne, lauyoyi suka shiga tsakaninsu. Shekara biyar ba lissafi, ko da abokinka amintacce ne, zargi yana nan tafe, kuma zargin ne zai ci zumuncin da kake gudun ɓatawa.

Saboda haka kada ka fita yanzu. Ka sami abokin nan shi kaɗai, ba a gaban sauran ba, ka fara da godiya kan abin da ya yi maka lokacin rasuwa, sa'an nan ka ce kana so a buɗe littafi, a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe da kason kowa, a kuma rubuta sunan mai kowace waƙa. Bayan haka ku zauna ku huɗu ka nemi adadi sananne na waƙoƙinka a duk aikin da za a ɗauka, ba alkawarin wani jiƙon ba. Ka kuma sanar da su cewa za ka ɗauki biyu ko uku daga waɗanda aka ture da kuɗinka da sunanka, ba tare da ka bar su ba. Harrison da Lennon duk sun fitar da aikin kansu tun 1968 suna cikin ƙungiya, a nan ne kai ma za ka ji ko jama'a za su karɓe ka kai kaɗai.

Ka ba su wata shida. Idan sun ƙi buɗe littafi kuma sun hana ka aikinka na gefe, ka yi musu sallama ta mutunci ka tafi, ba ka ci amanar kowa ba. Ka sake rubuto mini in ji yadda zamanku da abokin naka ya kasance.

Gwaggonka