Mai gyaran keke na son shiga harkar keken lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran keke ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, shekarata 14 a sana'ar. Na sayo injin taya mai wat 350 da kwantirola (akwatin da ke sarrafa wutar injin) da totur na ɗaura wa kekena, batirin kuma wani yaro ya haɗa mini da ƙwayoyin tsofaffin batiran laftof. Mako biyu yana tafiya lafiya, yanzu kuwa da na murɗa totur da ƙarfi ko na ɗauko kaya sai ya ɗauke. Mutum huɗu sun ce in yi musu irinsa. Na kwashi adashi N700,000. In sayo kayan keke biyar in haɗa in sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Tunaninka yana kan hanya, domin tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa suka jingine babura suka koma keke. Amma ina roƙonka, kada ka zuba kuɗin adashin nan a kayan keke biyar sai naka keken ya warke.

Alamar da ka faɗa ta fi nuna batir. Batir mai bolt 36 jeri goma ne na ƙwayoyi, idan ya cika mitar auna bolt za ta nuna 42. Yi masa caji, ka auna shi yana ajiye, sannan ka sake aunawa lokacin da injin ke jan nauyi, misali ka ɗaga tayar ka murɗa totur kana ɗan matsa birkin da ba ya kashe injin. In ka ga lambar ta rufto ƙasa ƙwarai sannan wuta ta ɗauke, to allon kariyar da ke cikin batirin, wanda ake kira BMS, shi ke yanke wutar saboda wani jeri ya gaji. Ƙwayoyin laftof an yi su ne don wuta kaɗan kaɗan, ga shi sun tsufa, kuma kowace da irin gajiyarta. Jeri ɗaya mai rauni ya isa ya tsayar da sauran tara. Idan kuwa lambar ta tsaya daram, duba mahaɗar wayoyi uku masu kauri da ke shiga injin, ko ta yi baƙi ko ta narke, da ƙananan wayoyi biyar na sansa, masu sanar da kwantirola juyawar injin, da makunnin da ke jikin hannun birki, wanda in ya maƙale yakan hana injin tashi.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne, a wannan harka batir ne kuɗin. Shi ya fi komai tsada a kan keken, shi ke fara mutuwa, kuma a kansa za a dawo maka da rigima. Ka ɗauka ka sayar da keke biyar da irin batirinka. Bayan wata ɗaya biyar ɗin suna ƙofar shagonka, riba ta tafi, uwar kuɗi ta bi ta, sunan da ka yi shekara 14 kana ginawa ya shiga bakin mutane. Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali: batirin litiyam da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi yana iya kamawa da wuta lokacin caji, balle a zafin Afrilu da Mayu da Katsina ke wuce digiri 40. Mutum ya sa caji a ɗakin da yara ke barci, wannan alhaki ba zan so ka ɗauka ba.

Ga yadda zan raba kuɗin da ni ne. Ka sayi batir sabo guda ɗaya, mai cajarsa ta asali, daga dillalin da zai rubuta maka garanti a rasit. Ka hau keken wata guda cur, da kaya da babu kaya, ka riƙa rubuta nisan da caji ɗaya ke kai ka. Batir mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana riƙe wat-awa 360, bai kai rabin yunit na wutar mita ba, yana cika cikin kamar awa biyar da caja mai amfiya 2, kuma yakan yi kilomita 25 zuwa 35 gwargwadon nauyi da hanya. Ya ishi ɗalibin da ke zuwa Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko mai kai kaya babbar kasuwa. Ba zai kai mutum Daura ba, tafiyar kusan kilomita 80 ce, ka faɗa wa mai saye haka tun kafin ya ƙirga kuɗi.

Mutum huɗun nan kuwa, kowa ya ba da kafin alƙalami da zai sayi kayansa, kai ka karɓi ladan haɗawa da ɗan abin da ka ɗora. Kayan nan daga Sin ake shigo da su, farashinsu na bin dala, saboda haka kada ka yanke kuɗi yau a kan kayan da za ka sayo wata mai zuwa. Wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami, sha'awa yake yi kawai. Ku rubuta a takarda: aikin hannunka kai ke da lamuni, batir kuma garantin dillali, wanda ya canza caja ko ya bar shi a rana ya fita daga ciki.

Ka kuma zaɓi keken da za ka karɓa. Tsofaffin Phoenix da Raleigh tayarsu inci 28 ce, yawancin injinan kuwa a rim mai inci 26 suke zuwa, sai ka sake ɗaure wayoyin rim, aikin da ka fi masu gyaran lantarki iyawa, kuma ka sa masa kuɗinsa daban. Birkinsu na sanda ba ya tsayar da keke mai gudun kilomita 25 a awa da buhu a baya. Sa ƙarfen da ke riƙe aksul, in ba haka ba zai juya a mazauninsa ya tsinke wayoyi.

Sulusin kuɗin ka ajiye shi kada ka taɓa, na gyaran abin da zai dawo ne. Sauran ka sayi mitar auna bolt mai kyau, kwantirola biyu da totur uku na ajiya, da fiyus. Idan ka auna batirin, aiko mini da lambobi biyun, na ajiye da na lokacin jan nauyi, mu duba tare.