Haske na tona asirin jabun ƙwaya, amma ba na tocila ba

Likita, na ga masu binciken magunguna suna ɗora wata na'ura a kan ƙwaya, nan take su ce jabu ce. Yaya take ganewa?

Hasken leza take harbawa, galibi mai tsawon zango nanomita 785 (tsawon zango shi ne ma'aunin da ke bambanta wani irin haske da wani, kuma da nanomita ake auna shi). Kusan duk hasken yana dawowa yadda ya tafi, sai ɗan ƙalilan, kamar ɗaya cikin miliyan goma, da ke dawowa da sauyi. Kowane sinadari da irin sauyin da yake jawowa, tamkar zanen yatsa. Na'urar sai ta gwada zanen da na maganin asali da aka adana mata. Ba'indiyen masani C.V. Raman ne ya gano wannan a 1928, shi ya sa ake kiran dabarar da sunansa.

Hasken ba ya lalata maganin?

A'a. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, ko ta cikin robar nan garai-garai yana ratsawa. Alminiyom ne ba ya hudawa.

Likita, an ce in jefa ƙwaya a ruwa, in ta narke da wuri mai kyau ce, ko in haska ta da tocilan waya. Farasitamol ɗin da na saya bai narke ba, sai na riƙa shan huɗu maimakon biyu, sau huɗu a rana. Yau kwana uku.

Baiwar Allah, ki daina yanzu, ki tafi asibiti yau, ki riƙe kwalin a hannu. Ƙwaya 16 masu miligiram 500 giram 8 ke nan a yini, alhali iyakar babban mutum giram 4 ce. Hanta ce ke ɗaukar wannan nauyi, kuma farasitamol mugu ne wajen ɓoye ɓarnarsa: a farko ɗan tashin zuciya ne kawai ko ma ba komai, sai bayan kwana biyu zuwa huɗu ido ya yi ɗorawa, gefen dama na ciki ya fara ciwo. Akwai makarinsa, amma saurin zuwa ne ke sa ya yi aiki. Kada ki jira alama.

Wai wa ke koya wa mutane wannan gwajin? Narkewa ta danganta da sitaci da sauran abubuwan da aka cuɗa don ƙwaya ta tsaya. Alli zalla ma zai iya wargajewa a ruwa. Wasu ƙwayoyin kuwa da gangan aka yi musu rufi don kada su narke sai a hanji, ko su riƙa sakin magani a hankali. Ɗaci ba shaida ba ne, launi ma haka. Tocila kuma ba ta rarrabe haske zango-zango, ido ma ba ya iyawa.

Gwajin yawan sinadari a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa. A auna ƙwaya 20, a niƙe su, a ɗebi abin da ya kai miligiram 150 na farasitamol, a narkar, a tace, a tsarma, sannan a auna yawan hasken da ruwan ya shanye a nanomita 257. Nan ake sanin ko kashi 95 zuwa 105 cikin ɗari na abin da aka rubuta yana ciki. Kofin ruwa ba zai faɗa miki wannan ba.

Damuwarki da jabu tana kan hanya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki jabu ne ko marasa inganci. Amma in kin yi shakka, ajiye maganin za ki yi ki kai wa masanin magunguna, ba ninkawa ba. Na sake faɗa, asibiti yau.

In na'urar ta ce magani ya ci gwaji, shi ke nan?

Ba koyaushe ba. Ta fi iya cewa sinadarin yana nan, ba nawa ne ba, don haka mai rabin ƙarfi kan wuce. Ƙwayar tsarin iyali mai maikurogiram 30 na sinadari (maikurogiram dubu ne miligiram ɗaya), sauran kayan haɗi ne ke danne alamarta. A maganin zazzaɓin cizon sauro mai sinadaran atemeta miligiram 20 da lumefantirin miligiram 120, na biyun ne ke rinjaye. Launin rufi ma kan dusashe zanen. In kana shan magani zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana biyu, koma wurin likita da kwalin.