Wa ke da ikon tsayar da nakiya kafin ta tashi a wurin tarihi?

Tambaya: Barista, na ji labarin wani kamfanin haƙar ma'adinai da ya tarwatsa kogon kakannin 'yan asalin Ostireliya, kuma ba a kama kowa ba. Ashe babu dokar da za ta tsayar da aiki idan an ga ɓarna ta ƙarato?

Amsa: Malam, doka akwai, amma abin takaicin shi ne da izinin doka aka yi ɓarnar da kake magana a kai.

Wurin shi ne kwazazzabon Juukan a yankin Pilbara, jihar Yammacin Ostireliya. Ranar 24 ga Mayu, 2020 kamfanin Rio Tinto ya tayar da nakiya a kogon dutse guda biyu da mutane suka fara zama cikinsu kimanin shekara 46,000 da suka wuce, don ya kai ga ƙarfen tama. Izinin ya samu tun 2013, ƙarƙashin sashe na 18 na dokar jihar ta 1972. Shekara guda bayan haka masu tonon kayan tarihi suka zaƙulo abubuwa dubbai a wurin, ciki har da wata ɗamara da aka kitsa da gashin mutum, mai shekara 4,000, wadda gwajin ƙwayar halitta ya danganta da mutanen Puutu Kunti Kurrama da Pinikura na yau, wato 'yan asalin yankin masu gadon wurin. Ka duba fa, gashin kakanninsu ne a hannu. Duk da haka izinin bai motsa ba, domin dokar ba ta tanadi sake duba shi idan sabon bayani ya fito ba. Kamfani na da damar ɗaukaka ƙara idan an hana shi, masu wurin kuwa ba su da ita idan an ba shi.

Ikon gaggawa da kake tambaya yana cikin dokar tarayya ta 1984 mai kare gadon 'yan asalin ƙasar da mazauna tsibiran Torres. Sashe na 9 ya ba ministan tarayya ikon kafa kariya ta kwana 30 idan hatsarin babba ne kuma yana dab da faruwa, yana iya ƙara wasu 30. Sashe na 18 na wannan dokar tarayyar ya ba jami'in da aka wakilta ikon tsayar da aiki na awa 48. Sashe na 10 shi ne na dogon lokaci, sai an naɗa mai bincike ya ji kowane ɓangare ya kawo rahoto. Ɗan asalin ƙasa ko wakilinsa na iya kai koke ko da baki ne, ba sai a rubuce ba.

To a nan gizo ke saƙar. Dokar cewa ta yi minista "yana iya", ba ta ce "dole" ba, kuma sai ya tuntuɓi gwamnatin jiha tukuna. Mutanen Juukan kuwa sun ji labari ne saura kwanaki kaɗan, an riga an ɗura nakiya a ramuka. A ganina wannan ne babban rauninta: ba ta aiki sai masu wuri sun san abin da ake shiryawa, alhali babu wanda ya fi kamfani sanin ranar.

Ba wai ba ta taɓa amfani ba. A Agustan 2024 ministar muhalli ta tarayya ta lokacin, Tanya Plibersek, ta yi aiki da sashe na 10 ta kare mafarin kogin Belubula a jihar New South Wales, inda wani kamfanin zinariya ya so gina madatsar zuba dagwalon ma'adinai.

Bayan Juukan shugaban Rio Tinto, Jean-Sébastien Jacques, ya sauka, majalisar tarayya ta yi bincike, jihar Yammacin Ostireliya kuma ta yi sabuwar doka da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2023. Manoma da masu filaye suka yi ca a kanta, bayan kimanin mako biyar gwamnatin jihar ta ce za ta soke ta. Aka koma wa dokar 1972 da gyara: yanzu masu haƙƙin ƙasa na gado suna iya neman a sake duba izini, kuma dole mai izini ya sanar da hukuma idan an gano sabon abu a wurin.