Damuwa, Fargaba da Zurfin Ciki

Tambaya daga Zariya: Malam, kullum a rediyo sai in ji ana cewa "ciwon damuwa". Ashe damuwa ma ciwo ce?

Amsa: Fara duba tushen kalmar. Da damuwa da damun fura uwarsu ɗaya. An dama fura, ta damu. Abu ya dami mutum, ya damu. Wato hankali ne yana kwance aka sa masa ludayi. Wannan kam kowa na yin ta, ko don kuɗin haya ko don jarrabawa. Abin da likitoci ke nufi daban ne: baƙin cikin da ya kai mako biyu ko fiye bai ɗaga ba, barci ya ƙaurace, abinci ya ƙi ciyuwa, abin da mutum yake so duk ya fita ransa. Ni da an shawarce ni, da "ƙunci" na zaɓa, domin ƙunci matsi ne, kamar yadda muke cewa ɗaki ya yi ƙunci. Amma 'yan jarida sun riga ni. Abin da ke ba ni haushi shi ne yarinya a hana ta kuɗin anko ta ce ta shiga difireshan. 'Yata, wannan takaici ne, gobe ya wuce.

Tambaya daga Maraɗi: Mene ne bambancin tsoro da fargaba?

Amsa: Tsoro ka ga abin. Fargaba faɗuwar gaba ce, abin bai zo ba tukuna. Wannan "far" ɗin ita ce ta "ya far masa".

Tambaya daga Kano: Na gaya wa yayata ina so in ga likitan ƙwaƙwalwa, sai ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta yi daidai?

Amsa: Karin maganar daidai ce, wurin da ta ajiye ta ne ba daidai ba. Magana ce ta riƙon sirri, kada duk abin da ka ji ka kai dandali. Ba a yi ta don mara lafiya ya haɗiye ciwonsa ba, shi ya sa Bahaushe bai cika yabon mai zurfin ciki ba. Ina kyautata zaton abin da yayarki ke gudu shi ne a ce an gan ki a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, don mu da an ambaci Dawanau, ko Kware a Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna, sai mu ce hauka. Kalma ɗaya muka ɗora wa mai jimamin rashi, da mai firgici, da mai jego da ta kasa barci. Ko hukuma ta saki wannan lafazin: a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Ki gaishe ta, ki ce na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambaya daga Kumasi: Kewa da kaɗaici ɗaya ne?

Amsa: A'a. Kewa sai da wanda ake kewa. Kaɗaici kuwa ko a gidan biki yana kama mutum.