Tambaya da Amsa: Birni Ya Ci Bashi da Izininmu, Ina Aikin?

Tambayoyin wannan fitowar sun shafi biranen Amurka, inda ake neman izinin masu zaɓe kafin birni ya sayar da takardun lamuni don gina tituna, magudanan ruwa da ofisoshin kashe gobara, sannan a biya bashin a hankali daga harajin gidaje da filaye.

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da muka kaɗa ƙuri'ar amincewa da lamunin gyaran tituna a birninmu. Titinmu yana cikin jerin, amma har yau ko katafila ba mu gani ba. Ko dai an cinye kuɗin ne? — Mai karatu a Teksas

Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ne ma ba a karɓo kuɗin titinku ba tukuna. Ƙuri'ar da kuka kaɗa izini ce ta cin bashi har zuwa wani adadi, ba ta sa kuɗi a asusun birni washegari. Birni yana sayar da takardun ne kashi-kashi, gwargwadon aikin da ya nuna. Dalili biyu ne. Kuɗin ruwa yana fara hawa tun ranar sayarwa, don haka asara ce a karɓo kuɗi a ajiye. Sannan ribar da masu sayen takardun suke samu ba a cire mata harajin tarayya, kuma wannan rangwamen yana da sharaɗi: birni ya kasance yana sa ran ɗaure aƙalla kashi 5 cikin ɗari a kwangila cikin wata shida, ya kuma kashe kashi 85 cikin shekara uku. Shi ya sa San Antoniyo, da aka amince mata da dala biliyan 1.2 a watan Mayun 2022, ta shimfiɗa shirin a kan shekara biyar.

Shi kansa titin, yawancin wahalarsa ba a ido take ba. Safiyo zai fara auna wurin, a haƙa ramukan gwajin ƙasa, injiniyoyi su shiga zane. Ana duba zanen idan ya kai kashi 30, sai 60, sai 90, kafin a sa hannu a na ƙarshe. A matakin 30 ne ake gano ko faɗin titin zai ci filin wani. Idan zai ci, sai an yi ƙiyasi an biya diyya, kuma mai fili ɗaya da ya ƙi farashi yana iya tsayar da aikin wata da watanni. Babban abin da ya fi cin lokaci shi ne abin da ke ƙarƙashin kwalta: bututun ruwa, na bahaya, na gas, da wayoyin waya da intanet. Kowanne da mai shi, kowa da jadawalinsa, kuma ba a zuba sabuwar kwalta a kan tsohon bututun da za a tono baɗi. Sai duk an kammala wannan ake tallata kwangila, a ba wanda ya fi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Babban titi ya yi shekara biyu a wannan mataki ba abin mamaki ba ne.

Abin da za ku tambayi ofishin ayyuka shi ne: zanen titinmu yana kashi nawa, kuma wace rana aka sa ta tallata kwangila? Idan bara an ce kashi 60, bana ma kashi 60, to a nan ne akwai magana.

Rahoton birninmu ya ce an yi amfani da kashi 70 na kuɗin, amma ayyukan da aka gama ba su kai rabi ba. Yaya haka? — Mai karatu a Kolarado

Malama, "an yi amfani" kalma ce mai ɗaukar ma'ana da yawa, kuma mun fi so ku ƙi karɓarta. Lambobi huɗu ne ya kamata rahoto ya nuna daban-daban: abin da masu zaɓe suka amince, abin da aka sayar aka karɓo, abin da aka ɗaure a kwangila, da abin da aka biya a zahiri. Da zarar an sa hannu a kwangilar dala miliyan 10, akanta zai keɓe dukan kuɗin, ko da ɗan kwangila bai kafa shinge ba. Wasu rahotannin suna haɗa na ukun da na huɗun, sai adadin ya kumbura.

Ko abin da aka biya ɗin ma ba ma'aunin ci gaba ba ne. A gwada shi da aikin da ke ƙasa: an biya kashi 80, an shimfiɗa mil nawa cikin nawa? Idan biya ya wuce aiki sosai, a nemi jerin sauye-sauyen kwangila, wato takardun da ake ƙara wa ɗan kwangila kuɗi ko lokaci da su bayan an fara. Wasu halal ne, kamar a tarar da dutse ko tsohon bututun da ba ya cikin taswira. Don irinsu ake ware kuɗin ko-ta-kwana, sau da yawa kusan kashi 10. Amma idan ko-ta-kwana ya ƙare tun aiki bai kai rabi ba, yawanci zanen ne aka yi cikin gaggawa, kuma cikon zai fito ne daga kason wani aikin da ke ƙasan jerin.

Ana cewa akwai kwamitin 'yan gari mai sa ido. Yana da haƙori kuwa? — Mai karatu a Kalifoniya

Gaskiya, ikonsa na dubawa ne da faɗa. Ba ya ba da kwangila, ba ya soke ta. Wannan na majalisar birni ne. A jiharku ne ma aka fi tsara shi a doka, amma ga makarantu. Ƙudurin da aka amince da shi a 2000, mai lamba 39, ya sauke ƙuri'ar da lamunin makaranta yake buƙata daga biyu bisa uku zuwa kashi 55, a madadin haka aka wajabta jerin ayyuka, binciken kuɗi da na aiki kowace shekara, da kwamiti mai mutum aƙalla bakwai wanda ma'aikacin hukumar ko ɗan kwangilarta ba zai shiga ba. Birane kuwa har yanzu biyu bisa uku suke nema, domin masu zaɓe sun ƙi ƙuduri mai lamba 5 a Nuwamban 2024. Kwamitin birni ya dogara ne da abin da aka rubuta a takardar ƙuri'a ko dokar da majalisa ta yi.

Duk da haka kada a raina shi. Kwamitin da yake zama a kan lokaci, yake karɓar takardu kwanaki kafin zama, yake zuwa wurin aiki da ƙafarsa, kuma mai binciken kuɗi yake yi masa bayani kai tsaye ba ta bakin ofishin da ake bincika ba, yana hana ɓarna da yawa. Alamar wanda ya mutu a tsaye ita ce kujeru babu mutane, ana ta ɗage zama don ba a cika adadi ba. Zamansu a buɗe yake ga jama'a. Bayanan bashin kuma, har da rahoton shekara da birni yake yin alkawarin bai wa masu saka jari, suna nan kyauta a shafin EMMA na hukumar tsara kasuwar lamunin birane.

An cire aikin unguwarmu daga jerin bayan mun amince. Doka ta yarda da haka? — Mai karatu a Jojiya

Sau da yawa ta yarda, Malam, kuma wannan ne wurin da muka fi son jama'a su farka. Abin da ya ɗaure birni shi ne lafazin da ke kan takardar ƙuri'a. Idan an rubuta "tituna, gadoji da hanyoyin ƙafa", kuɗin ba zai tafi ginin laburare ba. Shi ya sa Dalas ta raba lamuninta na dala biliyan 1.25 gida goma a 2024, kowane da ƙuri'arsa. Amma jerin sunayen titunan da aka raba a lokacin kamfe, in ba a haɗa shi cikin doka ba, a jihohi da yawa majalisa tana iya sauya shi da ƙuri'arta.

Abin da yake jawo yankan yawanci ƙiyasi ne. Ana tsara jerin kafin a yi zane, da farashin shekarar zaɓe, a yi ginin bayan shekara huɗu. Ma'aunin tsadar ginin manyan hanyoyi na gwamnatin tarayya ya tashi da fiye da kashi 50 tsakanin ƙarshen 2020 da 2023, alhali adadin da aka amince ba ya motsi. Tun kafin wannan tsadar ma, Atlanta, wadda aka amince mata da dala miliyan 250 a 2015, sai da ta sake tace jerin ayyukanta a 2019 saboda alkawuran sun fi kuɗin. Yanke aiki ba lallai ne ya zama rashin gaskiya ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a yi shi a ɓoye cikin tarin ƙudurorin da ake zartarwa da ƙuri'a ɗaya. Ku nemi a sanya sauyin a ajanda da sunansa, a faɗi ma'aunin da aka bi, misali makin lalacewar titi daga 0 zuwa 100, a kuma nuna inda kuɗin ya koma.

Sun ce ba za a ƙara haraji ba. To wa zai biya? — Mai karatu a Arizona

Ku ne, Hajiya. Ma'anar maganar ita ce tsohon bashi yana ƙarewa, sabon zai hau gurbinsa, sai ƙimar harajin ta tsaya inda take maimakon ta sauka. Idan kuma darajar gidanku ta tashi, abin da za ku biya zai ƙaru ko da ƙimar ba ta motsa ba. A misali, dala 20 a kan kowace dala 100,000 na nufin dala 60 a shekara ga gidan dala 300,000, dala 80 in an sake ƙiyasta shi 400,000.

Ku duba jimillar abin da za a mayar, uwa da ruwa. Hukumar makarantun Poway a Kalifoniya ta karɓi dala miliyan 105 a 2011 da irin takardun da ake jinkirta biyansu, abin mayarwa ya kusa dala biliyan ɗaya. A 2013 jihar ta kafa wa makarantu iyaka: abin mayarwa kada ya wuce ninki huɗu na abin da aka karɓa. Ku kuma tambayi kuɗin kula da abin da aka gina. Lamuni ba ya biyan albashin 'yan kwana-kwana ko wutar sabon ofishinsu, daga kasafin shekara suke fitowa.

An gama titinmu, amma ruwa yana kwanciya a bakin kwalbati. Shi ke nan? — Mai karatu a Fulorida

A'a. Birni yana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 zuwa 10, sai ya gyara jerin kura-kuran da sufeto ya rubuta, kuma yawanci akwai garanti na shekara ɗaya bayan karɓar aiki. Ku ɗauki hoto kwana ɗaya bayan ruwan sama, da kwanan wata a jiki, ku aika wa manajan aikin a rubuce tare da lambar aikin da ke kan allon bakin titi, ku tambayi ranar da garantin zai ƙare.